Wa Ya Tambayi Direban Illela?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Illela ran Lahadi ya san tun kafin hantsi tasha ta cika ta batse. Ga mutanen Sakkwato, ga na Gwadabawa da na Gada, ga 'yan'uwanmu na Ƙonni da Galmi da Tawa, kowa da abin da ya kawo shi, wani albasa, wani wake, wani raguna, wani kuwa aljihu kawai ya cika ya zo saye. To, in mutum ya tsaya bakin tashar nan ya ƙyale mutane ya dubi motocin da suka ɗauko su, zai ga Golf da Sharon da J5 da kanta jefi jefi, amma suna guda ne zai riƙa dawo masa a ido. Hayis ce, Carina ce, Corolla ce, Hilux ce, duk 'ya'yan gida ɗaya ne, watau Toyota ta ƙasar Japan.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a kan wannan gida shi ne wata magana da dillalai suka mayar kirari. In ka taya mota ka rage, sai dillali ya dafa ta ya ce, "Alhaji, Toyota ce fa. Duk duniya babu mai ita da ya taɓa kuka." Har waɗansu masu karanta jaridun waje su kan kawo shaida, su ce an yi ƙuri'a a Amurka an tarar masu Toyota sun fi kowa gamsuwa da motarsu. Mu ba mu ƙaryata kowa ba, yabon gwani ya zama dole. Amma muna da tambaya guda wadda ba mu ji wani ya yi ba tukuna. Wane mai motar aka tambaya? Motar da ke lodi a tashar Illela ta ratsa hannu uku ko huɗu kafin ta iso mu. An tambayi na farko. Na ƙarshe, wanda ya sayar da shanunsa ko ya kwashe adashinsa ya saye ta, shi wa ya tambaye shi?

Kafin mu kai nan, ya kamata masu karatu su san asalin gidan, domin akwai abin sani a ciki. Asalinsu ba maƙera ba ne, masaƙa ne. Kakansu Sakichi Toyoda, haihuwar 1867, ɗan kafinta ne a wani ƙauye, ya tashi yana ganin mahaifiyarsa tana shan wahala bisa masaƙar hannu, sai ya ɗaura niyyar sauƙaƙa aikin. Ya yi ta ƙere-ƙere har a 1924 ya gama wani injin saƙa wanda in zare ɗaya ya tsinke sai ya tsaya da kansa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da masaƙi ya san amfanin wannan, domin zare guda in ya tsinke ba a lura ba, ƙyallen duka ya yi aibu. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya yi ciniki da su a kan fam 100,000 don ya sami iznin ƙera irin injin. Ku duba fa, Ingila ce uwar masaƙu a lokacin, ita ce ta zo tana sayen dabarar ɗan kafinta.

Sakichi ya rasu a 1930. Ɗansa Kiichiro shi ne mai son mota. A 1933 ya keɓe wani lungu cikin ma'aikatar saƙa, suka sayo Chevrolet ta Amurka suka kwance ta ɗaiɗai suna koyo, kamar dai yadda yaran gareji ke yi a nan. Babbar motarsu ta farko ta fito a 1935, kuma kada wani ya ruɗe ku, lalacewa ta riƙa yi a hanya, ma'aikata suna bin ta da kayan gyara. A 1937 aka kafa kamfanin mota mai zaman kansa da sunan Toyota.

Shekarar da muka fi so talakawa su riƙe ita ce 1950. Bayan yaƙin duniya na biyu kuɗi ya ƙare wa kamfanin, bankuna suka ce ba za su ba da rance ba sai an rage ma'aikata. Ma'aikata suka yi yajin aiki na wajen wata biyu. Daga ƙarshe mutum wajen 2,000 suka bar aiki, amma shi ma Kiichiro, mai gidan da kansa, ya ajiye kujerarsa ya fita tare da su. Ba mu ce waliyyi ba ne. Mun dai ce ya ɗauki laifin a kansa, abin da ba mu saba gani ba wajen manyanmu in kamfanin jama'a ya durƙushe a hannunsu. Abin da ya ceci gidan kuwa ba wayo ba ne, yaƙin Koriya ne da ya ɓarke a watan Yuni na shekarar, sojan Amurka suka yi odar manyan motoci. Kiichiro ya rasu a 1952 bai ga girman abin da ya kafa ba.

Daga nan sai hawa, ko da yake da tuntuɓe. Sun kai wata mota mai suna Crown Amurka a 1958, ta kasa gudun manyan hanyoyin can, inji ya riƙa zafi, tilas suka janye ta da kunya suka koma gida suka sake shiri. Corolla ta fito a 1966, Hayis a 1967, Hilux a 1968. Watau motocin nan uku da muke hawa kullum duk sun haura shekara hamsin ana ƙera su ana gyara kuskurensu. A 2021 adadin Corolla da aka sayar ya wuce miliyan 50. A 2008 Toyota ta sha gaban General Motors ta Amurka ta zama ta ɗaya a duniya, a 2023 kuwa ita da ƙananan kamfanoninta sun sayar da mota miliyan 11 da 'yan kai.

Mene ne asirin? Mutane su kan ce ƙarfen Japan ne. Ba ƙarfe ba ne. Dabarar injin saƙan nan ce aka ɗauko aka sa cikin ma'aikatar mota, wani injiniya mai suna Taiichi Ohno ya tsaya a kanta shekara da shekaru. Aka rataya igiya bisa kan ma'aikata a layin haɗa mota. Ƙaramin lebura in ya ga kusa ba ta ɗauru ba, ko ƙofa ba ta zauna daidai ba, yana da ikon ya ja igiyar, shugabansa ya sheƙo, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya. Ba a korarsa don ya ja, laifi ne ma ya gani ya yi shiru. Jama'a, ku yi tunani a kan wannan. Motar da kuke yabo ta yi ƙarko ne domin an yarda ƙaramin mutum ya ce "a tsaya, akwai ɓarna", kuma babba ya saurara. Amma kada a ɗauka aljanna ce. A 2007 wata kotu a birnin Nagoya ta yanke hukunci cewa yawan aiki ne ya kashe wani ma'aikacin kamfanin ɗan shekara 30 da ya faɗi a wurin aiki a 2002. Ƙarkon da muke mora akwai gumin talakan wata ƙasa a cikinsa.

To, ta yaya ta iso mu? Dattawan direbobi sun san da ba haka tasha take ba. Zamanin Fijo ne. Ma'aikatar Peugeot ta Kaduna ta fara fitar da mota a 1975, ga Volkswagen a Ikko, ga Steyr a Bauci, ga Fiat a Kano. Malamin makaranta ya kan ci bashin mota ya sayi sabuwa dal a leda. 504 ita ce sarauniyar hanyar Sakkwato, a-kori-kura ita ce jakar 'yan kasuwa. Da aka karya darajar Naira a 1986 sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, balle mai sayar da gero. Ma'aikatun nan suka yi ta rufewa ko suka koma kufai, sai jama'a suka koma ga kwancen Turawa, wanda muke kira Beljiyam ko 'yar Kwatano. Hanyar da aka riƙa bi a lokacin kuwa mun san ta sarai: a sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano da sunan za a wuce da ita Nijar, a bi ta Parakou, a haye gadar Malanville zuwa Gaya, sai Doso, sai Dogon Dutsi, sai Ƙonni. Daga Ƙonni zuwa Illela kuwa ko a ƙafa mutum ya je.

A cikin tarin kwancen nan babu wanda ya yi wa Toyota talla. Hanya ce ta yi zaɓe. Aka kawo iri iri, rami da ƙura da zafin bazara da gurɓataccen mai suka tankaɗe su, wadda ta rage ita ce ta rage. Wani abin dariya ma, yawancin abin da muke kira motar Japan ba ta taɓa ganin Japan ba. Tun watan Afrilu na 1972 da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, motar da aka yi wa hanyoyin Japan sitiyarinta ba ya gefen da muke so. Saboda haka namu daga Turai da Amurka suke zuwa. Carina E da yawa a Ingila aka haɗa su tun daga 1992, Camry a jihar Kentucky, Corolla a Kalifoniya ko Kanada. Sunan ne na Japan, da tarbiyyar.

Yanzu mu koma ga ƙuri'ar gamsuwa. Akwai wani kamfani a Amurka, J.D. Power, wanda ke tambayar mutanen da motarsu ta shekara uku a hannunsu, ya ƙirga matsala nawa aka samu cikin kowace mota ɗari. A ƙidayar 2024 Lexus, wadda ita ma ɗiyar Toyota ce, ta zo ta ɗaya, Toyota ta bi mata. Madalla. Amma shekara uku! Motar da ta shekara uku a wurinmu amarya ce, ko lalle bai goge ba, sai gidan gwamna ko na babban ɗan kwangila. Abin da Ba'amurke ke kira matsala ya haɗa har da wayarsa ta ƙi haɗuwa da rediyon mota. Motar da ke zuwa Illela ta shekara goma sha biyar ko ashirin, wata ma an rubuta ta cikin matattu a can bayan haɗari ko ambaliya, aka yi gwanjonta, aka buga mata fenti.

Gamsuwar mutumin Illela daban take, kuma mun fi ganin ta da nauyi. Ya murza makulli da asuba cikin hunturu ta tashi ba sai an tura ba. Ta kai albasa Sakkwato, tafiyar kilomita 80 da 'yan kai, ta dawo da fasinja kafin la'asar. In ta yi tari, bakanike a gindin bedi ya saurara da kunne ya san ciwonta, kayan gyaranta kuwa in babu a gari akwai a Sakkwato, in babu a aika Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna ko Ladipo ta Ikko, kwana biyu sun iso. In kuma buƙata ta taso, aure ko asibiti ko jari ya karye, ya kai ta bakin kasuwa ya sami mai saye a ranar, kamar mai sayar da sa. Wannan na ƙarshe shi ne babban dalili. Talaka ba shi da banki mai riƙe masa darajar kuɗi, Naira tana narkewa a aljihu, sai ya zuba dukiyarsa cikin abin da ba ya faɗuwa da sauri.

A nan muna so a raba yabo da gaskiya. Rabin sunan da Toyota ta yi a ƙasar nan kanikawanmu ne suka yi mata shi. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba, bai taɓa ganin littafin kamfani ba, shi ne ya riƙe motar da masu ita na farko suka yar, ya ƙara mata shekara goma sha biyar. Shi ya san yadda za a ƙara ganyen sifirin, ya sauya lagireto da mai girma don zafinmu, ya ɗauko injin wata ya dasa wa wata. Kamfani yana cin suna, dillali yana cin la'ada, shi kuwa yana kwance cikin baƙin mai ana yi masa tayin wulaƙanci. Ba mu taɓa jin an kira shi taron koyo ba, ko daga kamfani ko daga Gwamnati. Ga shi kuwa motocin da ke shigowa yanzu na kwamfuta ne, kunne kaɗai ba ya gane ciwonsu. In ba a koya wa yaran gareji aiki da na'urar gwaji ba, ranar tana zuwa da mai mota a Illela zai ɗora ta bisa wata motar zuwa birni saboda waya guda.

Sa'an nan ba gaskiya ba ne cewa babu mai Toyota da ya taɓa kuka. A 2009 da 2010 kamfanin ya kira miliyoyin motoci su dawo gyara saboda totur yana maƙalewa, bayan an yi asarar rayuka a Amurka. Shugabansa Akio Toyoda, jikan Kiichiro, ya tsaya gaban majalisar Amurka a watan Fabrairu na 2010 ya ba da haƙuri. A 2014 suka biya tarar dala biliyan 1.2, suka amsa cewa sun ɓoye wa jama'a abin da suka sani. A 2022 aka kama Hino, ƙaramin kamfaninsu na manyan motoci, da maguɗin gwajin hayaƙi. A ƙarshen 2023 Daihatsu, shi ma nasu, ya dakatar da fitar da mota saboda maguɗin gwajin haɗari, a 2024 kuma uwar gidan da kanta ta sake ba da haƙuri a kan takardun gwaji. Ashe igiyar nan in gida ya yi girma ba kullum ake jan ta ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne zancen balan-balan ɗin nan da ke cikin sitiyari da gaban fasinja, wadda ke kumbura ta tare mutum in an yi karo. Wani kamfanin Japan mai suna Takata ya yi wa masu ƙera mota da yawa irinta, Honda da Toyota da Nissan da Ford da sauransu. Daga baya aka gane maganin da ke hura ta yana lalacewa in ya daɗe cikin zafi da laima, sai ya fashe da ƙarfi ya watsa gutsattsarin ƙarfe a fuska da wuyan wanda aka ce zai ceta. Mutane sun mutu. An kira motoci miliyoyi barkatai a duniya, Takata ta karye a 2017. A watan Janairu na 2024 Toyota ta yi shela a Amurka ga masu mota wajen 50,000, ta ce kada su ƙara tuƙa su ko taku ɗaya sai an sauya abin, kuma kyauta za a sauya. Waɗanne motoci ne? Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005.

Masu karatu, ku sake karanta sunayen nan, sa'an nan ku leƙa tasha. Su ne fa motocinmu. Ba mu ce kowace Corolla ta shekarun nan tana da wannan ciwo ba, wata an gyara ta tun tana can, wata ba ta cikin jerin. Amma wadda ta bar Amurka kafin a gyara ta fa? Mai ita na farko an aika masa takarda har gida, an buga masa waya, an roƙe shi. Takardar tana bin adireshin da ke cikin rajista, motar kuwa ta haye teku tana ɗaukar mata da yara zuwa Gwadabawa, a ƙasar da zafin watan Afrilu ke wuce awo 40. Wanda ke riƙe da sitiyarin bai san da zancen ba, kuma babu wanda aikinsa ne ya gaya masa. Wannan ita ce gamsuwar da ba a ƙirga ba. Mutum yana iya gamsuwa da abu don yana da kyau, yana kuma iya gamsuwa don ba a sanar da shi ba.

Sai mu juyo kan Gwamnati, domin ita ce tamu, ita muke da hakkin tuhuma. A 2013 aka fito da tsarin da ya ɗaga kuɗin shigo da ƙananan motoci, fito da haraji suka kai kashi 70 cikin ɗari, aka ce don a ƙera mota a gida. Daga 1 ga Janairu 2017 aka hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, sai ta tashar jiragen ruwa. Watau mutumin Illela da ke hango motar a Ƙonni da idonsa, an ce masa ya tafi Ikko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, in yana son ta halal. Wa ya ci ribar wannan? Motoci ba su daina shigowa ba, daji suka koma bi da dare. Kuɗin da da zai shiga baitulmali da rasit ya koma aljihun 'yan fito da masu tsare hanya, mai saye kuwa ya zauna da takardun da bai san ingancinsu ba, kullum gabansa na faɗuwa in ya hango shinge. Motar da ta shigo ta daji kuma babu mai duba lambarta, balle a san ko tana cikin waɗanda aka kira gyara.

A watan Agusta na 2019 aka rufe iyaka, a watan Nuwamba aka hana kai mai gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga bakin iyaka. Illela tana ciki tsundum. Direba ya koma sayen na galan wajen 'yan bumburutu, da tsada, wani lokaci da gauraye, inji yana sha yana ƙwanƙwasa. Sai a watan Disamba na 2020 aka buɗe, Illela tana cikin iyakoki huɗu na farko. Ba a gama farfaɗowa ba, ran 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500, a 2024 ta taɓa 1,000. Bayan juyin mulkin Nijar na watan Yuli 2023 aka sake garƙame ƙofa har watan Maris na 2024, manyan motoci suka yi layi kaya na ruɓewa a cikinsu. Dala kuwa da take wajen Naira 460 a farashin Gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma kowane kayan gyara da dala ake shigo da shi. Duk wannan motar ta jure. Mai ita ne bai jure ba. Mun san direbobin da suka jingine mota bisa duwatsu suka koma kabu-kabu, domin in sun cire kuɗin mai da balas na mai mota da na goron hanya, abin da ya rage bai kai na cefane ba.

Amma ba za mu rufe ido ga namu laifin ba, ko da 'yan'uwa za su ji haushi. Motar da aka yi wa mutum biyar muna cusa mata bakwai, biyu gaba huɗu baya, har da na but. Hayis ana ɗora mata buhuna har ta durƙusa, a ɗaure raguna a bisa, sa'an nan a ce ai Toyota ce, ba ta gajiya. Ita ba ta gajiya, birki fa? Taya fa, wadda ita ma kwance ce? Muna sayen kayan gyara na jabu mai tambarin kamfani a kwali don ya fi araha, mu sa a birki, mu ɗauki ran mutum goma sha takwas. Ƙarkon motar ya zama mana dalilin sakaci. Ɗan kasuwar da ke matsa wa direba ya ƙara buhu biyu don kuɗin lodi ya sauka, shi ma yana da hannu in aka kwana a asibiti. Shugabannin tasha sun san wannan, su ne ke karɓar kuɗin layi, su ya kamata su fara cewa a tsaya.

Abin da muke nema ba mai yawa ba ne. Muna so ƙofar shigo da mota ta halal ta kasance a nan Illela, a buɗe, da kuɗin fito rubuce a allo da Hausa inda kowa zai karanta, a biya a banki a karɓi rasit. Muna so duk motar da za a yi wa fito ko lamba a duba lambar jikinta cikin jerin waɗanda aka kira gyara, aikin minti biyu ne ga mai kwamfuta. Kamfanin Toyota da wakilansa na ƙasar nan kuwa muna ce musu, sunan da kuke sayar da sababbin Hilux da Land Cruiser ga Gwamnatoci da shi, tsofaffin motocin talakawa ne suka gina muku shi a kan hanya. Ku yi shela da Hausa a rediyo, ku kawo masu sauya balan-balan ɗin nan Sakkwato ko da sau ɗaya a shekara, ku buɗe kantin kayan gyara na ainihi inda ɗan Illela zai iya zuwa ya dawo a yini, ku koya wa kanikawanmu aikin na'ura. Abin da kuka yi wa mai mota na farko kyauta, ran na huɗu bai fi nasa araha ba. Wakilanmu na majalisa, na jiha da na tarayya, muna jiran mu ji bakinsu a kan wannan, za mu kuma buga sunan duk wanda ya tashi ya yi magana.

Kafin su motsa, ga abin da mai mota zai iya yi da kansa a makon nan. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da lambobi 17, tana nan a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, ana hango ta daga waje, tana kuma jikin ginshiƙin ƙofar direba. In motarka daga Amurka ta zo, ka kwafe lambar a takarda, ka ba yaro mai waya ya shigar da ita a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗarin hanya ta Amurka, wadda ake kira NHTSA. Ba a biyan ko kwabo. Zai nuna maka in akwai gyaran da aka kira motar ba a yi ba. In ya nuna, ka kai takardar ofishin ƙungiyar direbobi na tasharku a rubuta, ka kuma aiko mana da kwafi. In sun taru mu da kanmu za mu kai su inda ya kamata, mu buga amsar da aka ba mu a wannan shafi.